DARASIN LAFIYA: Ciwon Karkarwa, Lantarki a Ƙwaƙwalwa, da Sake Koyon Tafiya

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, darasinmu na wannan karo a kan wani ciwo ne da yake kama dattawa, maza da mata. Mutane da yawa sun taɓa ganin mai shi, amma kaɗan ne suka san sunansa. Hannun mutum yakan riƙa rawa alhali yana zaune ba ya yin kome. Jikinsa ya yi nauyi, ya sanƙare. Takunsa ya gajarce, ya riƙa jan ƙafa. Wani lokaci ya zo bakin ƙofa sai ƙafafunsa su kafe, kamar an zuba musu danƙo. Wasu sukan ce tsufa ne kawai. Wasu su ce sammu ne. Har akwai masu cewa ya sha giya ne. Duk ba haka ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da suna, yana kuma da magani mai rage shi.

Kwanakin nan akan ji labari a rediyo ko a waya cewa likitoci suna sa wa masu wannan ciwo wutar lantarki a ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne. Amma lalle mu san abin da lantarkin yake yi da abin da ba ya yi, domin kada iyali su sayar da shanun huɗa a banza, kada kuma su fid da rai don ba su da kuɗin inji. Abin da darasin nan yake koyarwa shi ne: magani da inji suna taimakon ƙwaƙwalwa, amma tafiya koyonta ake yi. Koyon nan kuwa ana iya yinsa a tsakar gida.

Muna roƙon shugaban kowace ƙungiya ya sa a karanta darasin da ƙarfi a taro, a tsaya a ƙarshen kowane kashi a yi bayani.

1. WANE IRIN CIWO NE?

Sunansa ciwon Fakinsin, watau sunan wani likitan birnin Landan, Jems Fakinsin, wanda ya fara bayyana shi filla-filla a 1817. Mutum shida ya yi bayani a kansu, wasunsu ma a titi ya gan su suna tafiya. Mu a nan za mu kira shi ciwon karkarwa, ko da yake ba duk mai shi ne yake karkarwa ba, ba kuma duk mai karkarwa ne yake da shi ba.

Ga manyan alamunsa:

(a) Sanyin motsi. Sa maɓalli ko tashi daga kujera ya zama aiki. Wannan ita ce babbar alama.
(b) Rawar hannu sa'ad da hannun yake hutawa, kamar mai murza ƙwayar dawa tsakanin babban yatsa da manuni. Yawanci daga gefe ɗaya take somawa.
(c) Sanƙarewar gaɓoɓi.
(d) Ranƙwafawa, gajeren taku, da hannu ɗaya wanda ya daina lilo a wajen tafiya.
(e) Murya ta yi ƙasa, fuska ta daina nuna fara'a ko da mutum yana murna a ransa.

Wasu kuma, tun shekaru kafin haka, sukan daina jin ƙanshi, su yi fama da taurin bayan gida, ko su riƙa shure-shure da ihu cikin mafarki.

A lura, ba shanyewar ɓarin jiki ba ne. Ita shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa, shi kuwa wannan sannu a hankali yake shiga, shekara da shekaru. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta gaisawa. Ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 60, ya kuma fi kama maza. Ba ya zaɓen talaka ko ragon mutum. Shahararren ɗan damben nan na Amurka, Muhammad Ali, an gane yana da shi a 1984, duniya duka ta ga hannunsa yana rawa sa'ad da ya kunna wutar wasannin Olimfik a 1996. Ya rayu da ciwon shekara 32, har ya rasu a 2016.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun wuce miliyan 8 da rabi a 2019. A nan jiharmu ma akwai shi. Likitocin jijiya na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala sun ba da rahoto a 2012 a kan marasa lafiyar da suka gani daga 2007 zuwa 2011. Mutum 96 ne suke da irin waɗannan alamu, 80 daga cikinsu ciwon Fakinsin ne sosai, maza kuma sun fi mata yawa nesa. Waɗannan su ne suka iya kaiwa birni. Ku tuna da na ƙauyukanmu waɗanda ba su taɓa wuce Kwanar Dangora ba.

2. ME YA SA ƘAFA TAKE KAFEWA?

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan baƙin wuri, inda ake yin wani sinadari mai suna dofamin. A ciwon karkarwa ƙwayoyin da suke yinsa ne suke mutuwa da kaɗan-kaɗan. Kafin alamu su bayyana sosai, kamar rabinsu sun riga sun tafi.

Menene aikin dofamin? Ku dubi mai noma da hauya. Ba ya tsayawa ya ce, yanzu zan ɗaga, yanzu zan sare. Hannunsa ya saba, yana noma yana hira. Haka mace take daka tana magana da maƙwabciyarta, haka dukanmu muke tafiya ba mu kula da ƙafa ba. Wannan sashen ƙwaƙwalwa mai tafiyar da aikin sabo, da dofamin yake aiki. In dofamin ya ƙaranta, sai aikin sabo ya lalace. Ƙafa tana da ƙarfinta, amma umarnin da yake zuwa mata da kansa ya raunana. Shi ya sa taku yake ƙanƙancewa, mutum kuwa yana jin kamar daidai yake takawa.

Amma ga labari mai daɗi. Ƙwaƙwalwa tana da wata hanya ta biyu, watau hanyar lura. Ita ce mutum yake bi sa'ad da yake tsallake rami, ko yake taka duwatsu a rafi, yana dubawa yana auna kowane taku. Ciwon bai cika taɓa wannan hanya da wuri ba. Kun san in ruwa ya cinye gada da damina, kasuwa ba ta fasa ci. Akan bi zagaye, ko da ya fi nisa. To, haka yake a nan. Mai ciwon karkarwa yana iya koyon bin zagaye.

Shi ya sa ake ganin abin mamaki. Dattijon da ya kasa ƙetare tsakar gida sai a ga ya hau matakala sarai, gama kowane mataki yana nuna wa ƙafa inda za ta sauka. A 2010 likitocin ƙasar Holan sun nuna hoton wani mutum mai shekara 58 wanda ba ya iya taku kaɗan sai ya kafe, amma da aka ɗora shi a kan keke sai ya tuƙa lafiya lau. Saboda haka in kun ga irin wannan, kada ku ce da gangan yake yi, ko ƙiwa ce. Halin ciwon ke nan.

Wuraren da ƙafa ta fi kafewa su ne: wajen soma tafiya, wajen juyawa, a ƙofa ko lungu mai matsi, cikin cunkoson kasuwa, da sa'ad da ake gaggauta mutum. Haɗarin kuwa faɗuwa ce. Bincike ya nuna kamar 6 cikin 10 na masu ciwon sukan faɗi. Tsoho in ya karye a ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan. Wani kuma bai karye ba, amma tsoro ya kama shi, ya daina fita, jiki ya ƙara mutuwa. Wannan shi ne abin da muke so mu hana.

3. MAGANI SHI NE NA FARKO

Tun 1967 aka tabbatar da maganin da har yau babu kamarsa, sunansa lebodofa. Ƙwaƙwalwa takan mai da shi dofamin. Akan haɗa shi da wani abokin tafiyarsa mai suna kabidofa, a kantin magani kuma wasu sun san shi da suna Sinemet. Ba ya warkar da ciwon, amma yana sassauta jiki ƙwarai, mutum ya yi shekaru yana hidimarsa.

Wanda kuka ga alamu a jikinsa, a kai shi babban asibitin da ya fi kusa, kamar na Tudun Wada ko na Doguwa, a nemi takardar zuwa wurin likitan jijiya a Kano. A tafi da dukan magungunan da yake sha, gama akwai waɗanda suke kawo irin waɗannan alamu, kamar Largactil da wasu magungunan taɓin hankali da na amai. In su ne sanadi, likita zai canja su.

Ku riƙe waɗannan:

Na ɗaya, a sha a kan lokaci kullum, yadda likita ya tsara.
Na biyu, wake da nama da nono sukan tare wa maganin hanya a wurin wasu. In an lura haka, a sha shi kamar rabin awa kafin abinci.
Na uku, kada a yanke shi farat ɗaya. Yin haka yana da haɗari. A sayi wani tun na hannu bai ƙare ba.
Na huɗu, a lura da lokacin da jiki ya fi sakewa bayan an sha. Wannan ne lokacin horon tafiya.

Wasunku sun ji cewa ƙwayar ƙarara tana da lebodofa. Haka ne, har likitoci sun gwada ta a Gana da wasu ƙasashe. Amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga iri zuwa iri, in ta yi yawa kuma tana kawo amai da ruɗewa. Kada kowa ya sha ba da sanin likita ba.

4. LANTARKI A ƘWAƘWALWA

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. Shi ya sa likitoci suka yi tunanin gyara saƙon da wuta daga waje. Hanyoyin iri uku ne.

Ta fari: dasa waya a cikin ƙwaƙwalwa. Likita Alim Benabid da abokan aikinsa a birnin Giranobil na Faransa suka soma ta a 1987. Akan huda ƙoƙon kai, a zura siririyar waya har can ciki, a binne batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Batirin yakan aika wuta kamar sau 130 a daƙiƙa ɗaya, ta kwantar da saƙon da ya rikice. Amurka ta amince da wannan aiki don ciwon Fakinsin a 2002. Yana rage karkarwa da sanƙarewa sosai, yana kuma taimakon wanda maganinsa yake saurin sakinsa. Amma likitoci suna da wata ƙa'ida: ban da karkarwa, abin da lebodofa ya kasa gyarawa, wayar ma ba ta cika gyara shi ba. Kafewar ƙafa da tangaɗi na wanda ciwo ya yi nisa a jikinsa suna cikin abubuwan da suka fi gagararta. A wurin wasu ma takan ƙara nauyin baki. Ba ta tsai da ciwon. Batir marar caji sai an canja shi bayan shekara 3 zuwa 5, sai kuma an riƙa komawa wurin gwani yana daidaita shi. Aiki ne na manyan asibitoci ƙalilan, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin yawancin manoma.

Ta biyu: maganaɗisu. A Ingila aka ƙirƙiro ta a 1985. Akan kanga wani faifai a kan mutum, ya riƙa harba ƙarfin maganaɗisu yana zaburar da saman ƙwaƙwalwa. Ba a yanka. Injin babba ne, na asibiti.

Ta uku: raunanniyar wuta ta kan fatar kai. Masanan Jamus suka farfaɗo da ita a shekarar 2000. Akan jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, a ɗaura a kai, a saki wuta 'yar mitsitsiya, kashi 1 ko 2 cikin dubu na amfa, har kamar minti 20. Mutum ba ya jin kome sai ɗan ƙaiƙayi. Wutar ba ta motsa ƙafa. Abin da take yi shi ne ta sa jijiyoyi su zama a shirye na ɗan lokaci, domin abin da aka koya a lokacin ya fi zama.

Manomi zai gane wannan da sauri. Ruwan shuka yana tausasa ƙasa, amma ba ya fid da dawa a gonar da ba a zuba iri ba. Wutar ita ce ruwan, horon tafiya shi ne iri.

To, me gwaji ya nuna? A wani ɗan ƙaramin gwaji na mutum 16 da aka wallafa a 2014, wuta ita kaɗai ba ta ƙara saurin tafiya ba, sai da aka haɗa ta da horon jiki aka ga amfani. A wani kuma na ƙasar Ostareliya a 2016, shi ma mutum 16, duka an ba su horon tafiya na mako uku, rabi da wutar gaske, rabi da ta ƙarya. Duka ɓangarorin biyu tafiyarsu ta ƙara sauri, wutar ba ta sa nata sun tsere wa sauran ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ma haka suke, wasu sun ga ɗan amfani, wasu ba su gani ba. Har yanzu hanya ce ta bincike, ba ta zama maganin yau da kullum ba.

Akwai kuma sabon labari daga ƙasar Siwizalan. A 2023 masanan birnin Lozan suka ba da rahoton wani Bafaranshe wanda ya yi kusan shekara 30 da ciwon, yana faɗuwa sau da yawa a rana. Suka dasa masa waya a kan lakar gadon baya, ba a kai ba. Ya koma yin tafiyar kilomita da dama. Amma ku lura da abu biyu. Mutum ɗaya ne aka ba da labarinsa. Shi ma kuma sai da ya yi makonni yana horo kafin ƙafa ta karɓa.

GARGAƊI: Kada kowa ya jona wa kansa ko wani batirin mota, ko na babur, ko na sola. Yana iya ƙone fata, ya kawo suma ko abin da ya fi haka. In wani ya zo kasuwa da akwati mai wayoyi yana cewa zai warkar da karkarwa, ku riƙe kuɗinku ku sayi maganin wata.

5. TAFIYA KOYONTA AKE YI

Kun ga duk inda aka sami nasara, da horo a ciki. Shi horon kuwa an tabbatar da amfaninsa. A 2023 masana suka tattara gwaje-gwaje fiye da 150, na mutum kusan 8,000, suka ga yawancin irin motsa jiki, ko rawa, ko tafiya, ko horon ƙarfi, suna rage nauyin ciwon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yi, a kuma dore.

Alamar ido da ta kunne ma an daɗe da saninsu. Tun 1967 wani likitan Landan ya nuna cewa in aka ja layuka a gicciye a ƙasa, mai ciwon yakan tsallake su da dogon taku. A 1996 masana a Amurka suka nuna cewa tafiya bisa kiɗa tana ƙara sauri da tsawon taku. A 2007 aka gwada mutum 153 a gidajensu a Ingila da Beljiyam da Holan. Mako uku na horo da alama ya gyara tafiyarsu, amma da aka bari mako shida sai amfanin ya soma zubewa.

Mu ba baƙin wannan ba ne. Me ya sa ake kiran makaɗi ranar gayya? Domin ganga tana ɗaukar hauya, har ragon manomi ya kai ƙarshen kunya bai sani ba. Kiɗan da yake ɗaukar hauya yana iya ɗaukar ƙafa.

Mai ciwon karkarwa yana iya koyo, amma koyonsa yana da hali uku. Wanda ya taɓa horar da shanun huɗa ya san su. Na ɗaya, sai an maimaita da yawa, kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Na biyu, abin da aka koya a wuri ɗaya ba ya saurin bin mutum zuwa wani wuri, saboda haka a yi horon a ainihin inda yake kafewa: ƙofar ɗakinsa, zaure, hanyar makewayi. Na uku, in an bari yakan manta, sai an riƙa tuni har iyakar rai.

6. YADDA ZA A YI A GIDA

In da hali, a fara ganin likitan gashi, a sashen gashi na babban asibiti, ya gwada wa mai jinya. Jami'ar Bayero tana horar da irin waɗannan ma'aikata. Ga tsarin da iyali za su iya bi:

Lokaci. Sa'ad da magani yake aiki, da safe ko da la'asar, a inuwa. A fara da minti 10, a kai 20 ko 30 sannu a hankali. Kullum da mai tsaro a gefe, ɗan baya kaɗan.

Fili. A share wuri mai laushi daidai, tsawon taku 20. A kawar da turmi, igiyar awaki, da kwanuka.

Layuka. A ja layi 10 ko 12 a gicciye da toka ko farar ƙasa, kamu ɗaya tsakaninsu. Zane kawai, kada a shimfiɗa kara ko itace, gama zai yi tuntuɓe. Ya tsallake kowane layi, diddige ya fara sauka. In ya saba, a ɗan ƙara tazarar. A ja irinsu a ƙofar da yake kafewa, a sabunta in sun goge.

Kiɗa. Mai taimako ya fara lura da takun mai ciwon, ya tafa ko ya buga ƙwarya daidai da shi. Bayan kwanaki a ɗan ƙara sauri, kaɗan ƙwarai. In taku ya soma gajarcewa, an yi sauri da yawa, a koma baya. Daga baya shi da kansa ya riƙa ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ya yi waƙar da ya sani mai bugu daidai, domin ya iya tafiya ko ba mai tafa masa.

Girma. A riƙa tuna masa: babban taku, kaɗa hannu, ɗaga kai. Takun da yake ji kamar ya yi yawa, shi ne daidai.

Juyawa. Kada ya murɗa a wuri ɗaya. Ya zagaya da faɗi, kamar yadda shanu suke juyawa a ƙarshen kunya.

Tashi. Ya matso bakin kujera, ya jawo ƙafafu ƙarƙashinsa, ya sunkuyo gaba, ya ƙirga uku, ya miƙe. A maimaita sau 5 zuwa 10. Kujerar tsuguno da tabarma suna da wuyar tashi, a samo masa benci mai tsayi. In ya tashi daga kwance ya ɗan zauna tukuna, gama ciwon da maganinsa sukan kawo jiri. Ya riƙa shan ruwa isasshe.

In ƙafa ta kafe. Kada a ja shi, kada a tura shi, kada a yi masa tsawa. Ya tsaya cik. Ya miƙe tsaye, ya ja numfashi. Ya karkata nauyinsa dama, hagu, dama. Sa'an nan ya yi babban taku ɗaya. In ya ƙi, mai taimako ya sa ƙafarsa a gicciye a gabansa ya ce, "Baba, tsallake," ko "Inna, tsallake."

Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Hanyar lura ba ta ɗaukar kaya biyu. In zai amsa gaisuwa, ya tsaya ya amsa. Kada a ɗora masa tulu ko dami.

Tsaro. Takalmi mai riƙe diddige ya fi silifa. A kafa itace mai ƙarfi na dafawa a makewayi. A ajiye tocila da bokiti kusa da gado da dare. Kada ya je bakin rijiya, ko magudanar ruwan Tiga, ko kusa da murhu shi kaɗai. Mai son keke ya yi a fili da mutum kusa, gama wajen sauka ne ake faɗuwa.

A koma asibiti da sauri in ya faɗi ya bugi kai, in ya soma ƙwarewa da abinci, in yana ganin abin da babu, ko in jiki ya rikice farat ɗaya.

Auna ci gaba. Kowace Asabar a ƙirga taku nawa ya yi daga bakin ɗaki zuwa zaure, a rubuta. In yawan takun yana raguwa, taku yana tsawo ke nan. Wata rana jiki zai ƙi, kada a karaya. Sannu ba ta hana zuwa.

7. AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da take jinyar mijinta ita kaɗai, ko 'yar da take jinyar uwa, za ta gaji. Ga abin da ƙungiya za ta iya yi:

(a) A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su koyi wannan tsari sosai, su riƙa zagaya gidaje.
(b) A raba kwanakin mako tsakanin matasa, kowa da ranar da zai raka tsoho tafiya.
(c) A ware wani abu daga asusun ƙungiya bayan kaka don kuɗin mota zuwa Kano da kuɗin magani. Binciken da aka yi a kantunan magani na Nijeriya, aka wallafa a 2019, ya nuna maganin yana da wuyar samu, yana kuma da tsada. Mai zuwa birni ya sayo wa mutum biyu ko uku gaba ɗaya, a amintaccen kanti.
(d) Kada a cire mai ciwon daga shawara. Sanyin magana ba rashin hankali ba ne. A ba shi lokaci ya gama zancensa. A bar masa aikin da zai iya, kamar ɓarar gyaɗa, zaɓen iri, da ba kaji hatsi.
(e) A kula da feshi. Wani bincike a kan manoman Amurka a 2011 ya nuna masu aiki da maganin ciyawa farakwat, wanda muka sani da suna Gramoxone, sun fi sauran kamuwa da ciwon kamar ninki biyu da rabi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007, Faransa kuma tun 2012 ta lasafta ciwon cikin cututtukan da aikin feshi yake jawo wa manoma. A nan gida hukumar NAFDAC ta sa ranar 1 ga Janairu 2024 a matsayin ranar hana shi. Masu shinkafa a Tudun Wada, da masu masara a Doguwa, da masu noman rani a Bebeji da Kiru, ko wane magani kuke fesawa ku sa safar hannu da takalmin roba, ku rufe hanci, ku ba iska baya, ku yi wanka da sabulu. Kada a zuba ruwan sha a jarkar magani. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Ta yaya za a bambanta ciwon karkarwa da shanyewar ɓarin jiki?
2. Me ya sa wanda ya kasa tafiya a fili yake iya hawa matakala?
3. Wane abu ne wayar da ake dasawa a ƙwaƙwalwa take gyarawa, wane ne kuma yake gagararta?
4. In ƙafar tsoho ta kafe a ƙofa, me za a yi? Mutum biyu su tashi su gwada a gaban taro.
5. Akwai wani a garinmu da ya daina fitowa saboda tsoron faɗuwa? Wa zai je gidansa wannan mako?

AIKIN WANNAN WATA

Kafin a tashi daga taro, a ja layukan toka a fili, kowa ya tsallake su bisa tafi, domin hannu da ƙafa su san abin da kunne ya ji. Magatakarda ya rubuta sunayen mutum biyun da aka zaɓa. A taro mai zuwa su kawo rahoton gida nawa suka shiga, da mutum nawa aka kai asibiti.